Abinci Mai Sauƙi Daga Gayauna

Ya kai manomi, ka sani da marka ne rumbu kan yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba tukuna. A lokacin nan gayaunar da ka yanka wa uwargida takan ceci gida, muddin an shuka rama, da yakuwa, da alayyafo, da kuɓewa, da kabewa a gefenta.

Mafi sauƙin abinci shi ne kwaɗo. A tsinke rama ko zogale, a wanke, a dafa, a tsiyaye ruwan, sa'an nan a cuɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, da gishiri, da barkono, da albasa. Yara sun ƙoshi, ba a taɓa rumbu ba. Da kaka kuwa, in kabewa ta ƙosa, sai a yi taushe da gyaɗa da yakuwa.

Amma kada a cika kanwa, kada kuma ganye ya daɗe bisa wuta, gama amfaninsa ga jiki yakan lalace.

Abin da ya ragu kada a zubar. A yanyanka kuɓewa a shanya, ganye kuwa a inuwa, a adana cikin tukunya mai murfi. Dagatai, ku gargaɗi jama'arku: gidan da ya shanya da kaka ba ya roƙon kayan miya da bazara.