Kafin a duba farashi: Yadda ake neman kwangilar gwamnati a Birnin Kudu da Gwaram

Matashin da ke da ƙaramin kamfani a Birnin Kudu, wanda ya ga sanarwar neman masu kawo kujerun makaranta ko kayan asibiti, abin da ya fi damunsa shi ne nawa zai rubuta. Sai dai farashi shi ne abu na ƙarshe da kwamiti ke dubawa. Masu nema da yawa tun a matakin takardu ake zubar da su, a mayar musu da ambulan ɗin farashinsu ko buɗe shi ba a yi ba.

Abu na farko shi ne sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, domin ƙofofin uku ne a yankin. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta gwamnatin tarayya ce, don haka sayayyarta na ƙarƙashin Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP a Abuja. Aikin ma'aikatun jiha kuwa, ko da a Sara ko Basirka za a yi shi, yana bin dokar Jigawa ne, kuma mai nema sai ya yi rajista da hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka da ke Dutse, a rukunin da ya dace da girman aikin. Ta uku ita ce sakatariyar ƙaramar hukuma.

A ƙofar tarayya jerin takardun ya fi tsawo. Ana neman rajistar kamfani daga hukumar CAC, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da rahoton binciken asusun kamfanin na waɗannan shekaru, da shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP. Akwai takardun hukumar fansho ta PenCom, da asusun horar da ma'aikata na ITF, da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, gwargwadon yawan ma'aikatan kamfanin da cinikinsa. Sai wasiƙar banki, da shaidar makamancin aikin da aka taɓa yi, da rantsuwa a kotu cewa ba a taɓa samun wani daraktan kamfanin da laifin zamba ba, tare da bayyana ko wani jami'in hukumar yana da hannu a kamfanin.

Babu ɗaya daga cikinsu da ake samu a kwana biyu. Yawancinsu ƙarshen Disamba suke ƙarewa, shi ya sa wanda ya jira fitowar sanarwa kafin ya fara zirga-zirgar Dutse da Kano ya riga ya makara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wani ɓangare, tunda yanzu mutum ɗaya yana iya buɗe kamfani, amma ba ta ba shi tarihin haraji na shekara uku ba. A nan ne wasu ke komawa hayar takardun wani kamfani, su yi aikin da sunansa a yanke masa kaso. Hatsarin a bayyane yake: kuɗin asusun mai takardu za su shiga, kuma idan ya riƙe su, mai aikin ba shi da suna a yarjejeniyar da zai kai kotu.

Farashin ma akwai tarko a cikinsa. Doka ba ta ce a ba wanda ya fi kowa araha ba, cewa ta yi mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan tantancewa. Wanda ya karya farashi don ya ci, bai lissafa kuɗin dako daga Kano zuwa ƙauyukan Gwaram da damina ba, bai cire harajin da ake zarewa tun kafin kuɗi su iso shi ba, kansa ya cuta. Ga kuma lamunin banki: na neman aikin bai wuce kashi 2 cikin 100 na farashi ba, na tabbatar da kammalawa kuwa aƙalla kashi 10 ne. Kafin alƙalami, wanda dokar 2007 ta taƙaita a kashi 15, an ɗaga shi zuwa kashi 30 a Dokar Kuɗi ta 2020, amma shi ma sai da lamuni. Ragowar aikin da jarinsa ɗan kwangila zai yi.

Ranar rufewa ba ta da alfarma, takardar da ta iso bayan lokaci ba a karɓarta. Buɗe akwati kuma a bainar jama'a ake yi, a karanta sunan kowane kamfani da farashinsa. Dokar tarayya ta wajabta gayyatar 'yan sa ido aƙalla biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Wannan kujera ce da ƙungiyoyin matasa masu yawan ƙorafi a Facebook ya kamata su riƙa nema.

Ƙofar ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da talaka, ita ce kuma ta fi buƙatar ido. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gwargwadon yadda aka aiwatar da shi, haka kwangilolin rijiyoyin burtsatse da gyaran asibitocin sha-ka-tafi za su ƙaru a sakatariyoyin Birnin Kudu da Gwaram, kuma tambayar da ta dace da kowane shugaba ita ce: a ina aka manna sanarwar, su wa suka nema?

Wanda yake ganin an zalunce shi a kwangilar tarayya yana da kwanakin aiki 15 ya rubuta ƙorafi ga shugaban hukumar da ta bayar da aikin. Idan bai gamsu da amsa ba, yana da wasu kwanakin aiki 10 ya kai maganar BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Ƙidayar tana farawa ne daga ranar da ya san da matsalar, ko ya kamata a ce ya sani.