Saɓar Maciji da Aikin Mai Kiwonsa

Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa cin karo da saɓar maciji a gindin rumbu ko jikin danga: wata 'yar fata fara, mai shara-shara, da iska ke kaɗawa. Mu dai in mun gan ta sai mu ja da baya, mu ce mai rigar yana kusa. Amma a Amurka da Turai, inda ake kiwon macizai marasa dafi a ɗaki kamar yadda ake ajiye kyanwa, ɗaukar saɓar ake yi a shimfiɗa a duba, domin ita ke nuna ko ana kula da dabbar yadda ya kamata.

Abin sha'awa, macijin da masu kiwon suka fi so ɗan yankinmu ne. Wata ƙaramar mesa ce ta Afirka ta Yamma, wadda ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita, kuma takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Da ita za mu yi misali.

Fatar maciji ta waje ba ta girma tare da jikinsa, don haka sai ya gina sabuwa a ƙarƙashinta, sannan ya yar da tsohuwar gaba ɗaya. Jaririn maciji yakan yi saɓar farko kamar mako ɗaya ko biyu bayan ƙyanƙyasa. Yayin da yake girma yakan yi ta duk bayan mako huɗu zuwa shida, in ya manyanta kuma sai 'yan lokuta a shekara.

Alamar farko ita ce launin jiki ya dusashe, kamar an barbaɗa masa toka, cikin mesar kuma ya ɗan yi ja-ja. Sai idanu su yi hazo, su koma shuɗi-shuɗi. Nan ne sabon mai kiwo ke firgita ya ce dabbarsa ta makance. Ba makanta ba ce. Maciji ba shi da fatar ido da zai ƙifta. Wata 'yar fata ce garai-garai ta rufe ƙwayar idon, ita ma tana cikin abin da zai tuɓe. Ruwan da jiki ke saki tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su, shi ne ke kawo hazon. Bayan kwana uku ko huɗu ido ya washe, har mutum ya zaci an fasa. Sai bayan wasu 'yan kwanaki macijin ya fara goga hancinsa a jikin dutse ko itace, fatar ta tsage a leɓe, ya sulale ya bar ta a juye, ciki a waje, kamar wanda ya cire safa. Duka lamarin bai cika wuce mako biyu ba.

A wannan tsakani maciji ba ya gani sosai, shi ya sa yake da saurin tsorata, har wanda bai taɓa kai cizo ba yana iya kaiwa. To a ƙyale shi. Kada a riƙa ɗaukarsa, kada a yi ta buɗe akwatinsa ana leƙe. Yawanci yakan ƙi abinci, kuma ba abin damuwa ba ne. A jira ya gama. Babban ganganci shi ne a jefa masa ɓera mai rai a tafi, don ɓeran na iya gaigayar macijin da ba ya ganinsa.

Aikin mai kiwo na gaskiya shi ne samar da laima. A daji wannan mesa cikin suri take kwana ko ramin ɓera, inda iska ke da danshi ko da waje ya bushe ƙamas. A akwati ana son laimar ta kasance kashi 50 zuwa 60 cikin 100, lokacin saɓa kuma a ɗaga ta zuwa wajen kashi 70. Wanda ke zaune inda hunturu ke busawa, har leɓe da diddige su tsattsage, ya san laimar iskar Disamba da Janairu takan sauko ƙasa da kashi 20. Abin da iskar ta yi wa diddigenka shi za ta yi wa tsohuwar fatar maciji: ta bushe ta manne, ta fita guntu-guntu. Maganin kuwa mai sauƙi ne. A sami robar abinci mai murfi, a huda ƙofa a gefe, a goge bakin don kada ya yanke shi, a shimfiɗa gansakuka ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse. Shi da kansa zai shige ya kwanta. A ajiye kwanon ruwa mai faɗin da zai iya shiga, da dutse ko ɓawon itace mai kaushi. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance da ɗumi kamar digiri 31, ɗaya gefen kamar 26. Amma danshi daban, jiƙa daban: shimfiɗar da ta yi sharkaf tana ruɓar da fatar ciki.

Bayan ya tuɓe, a ɗauki saɓar a duba wuri biyu. Na farko kai: ya kamata a ga 'yan murafan ido guda biyu a jikinta. Na biyu ƙarshen wutsiya. Fatar da ta maƙale a nan takan bushe ta zama zobe, ta shaƙe hanyar jini har bakin wutsiyar ya mutu ya guntule. In an ga saura, a sa macijin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, marar zurfi, na minti 15 zuwa 20, ana tsaye a kansa, sannan a bar shi ya ratsa ta cikin jiƙaƙƙen tawul. Kada a fizgi fata da ƙarfi, kada kuma a kai farce ko tsinke kusa da ido. Murfin idon da ya ƙi fita aikin likitan dabbobi ne. Idan saɓa ta ci gaba da lalacewa alhali laima ta wadata, a nemi wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini a kewayen ido da ƙarƙashin haɓa. A kuma wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, saboda macizai kan ɗauki ƙwayar salmonela.

Duk wannan magana ta marasa dafi ce. Kumurci da kasa da kububuwa ba abin ajiyewa a gida ba ne. Masu jinya a asibitin saran maciji na Kaltungo, a Jihar Gombe, sun ishe mu shaida. Wanda kuwa ya ɗauki amanar mesa, ya ba ta laima da mafaka, sannan ya janye hannunsa ya yi haƙuri. Ita ta san yadda za ta tuɓe rigarta.