Yadda ake naɗar bidiyon fuskar kwamfuta da tace shi

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa yadda ake lissafi da Excel, ko ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin koya wa abokan aikinsa cike wani fom a intanet, ba ya buƙatar kyamara. Kwamfutar da ke gabansa za ta iya naɗar duk abin da ke gudana a fuskarta haɗe da muryarsa, ta fitar da bidiyon da mutane za su kalla a duk lokacin da suka samu sarari.

Galibin kwamfutoci suna zuwa da kayan wannan aiki. A Windows 10 da 11, idan aka danna maɓallan Windows da Alt da R a tare, manhajar Xbox Game Bar za ta fara naɗa, idan aka sake dannawa ta tsaya. Rauninta shi ne manhaja ɗaya kaɗai take bi, ba ta ɗaukar wurin da ake duba fayiloli. Snipping Tool ta Windows 11 ta rage wannan matsala tun 2023, domin tana barin mutum ya zaɓi ɓangaren fuskar da yake so. Masu Mac kuwa Shift da Command da 5 za su danna.

Wanda zai riƙa yin aikin a kai a kai ya fi dacewa ya koyi OBS Studio, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ranar farko takan rikita sabon shiga, amma tana da wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Idan ana naɗa a tsohon tsarin MP4 wuta ta ɗauke, kwamfuta ta mutu, fayil ɗin gaba ɗaya kan lalace, ko da an yi awa guda ana magana. Idan an zaɓi tsarin MKV, abin da aka naɗa har zuwa lokacin yana nan, kuma OBS da kanta za ta mayar da shi MP4 daga baya. Duk mai aiki da kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya raunana, wannan ne saitin da zai fara gyarawa.

Sai batun sauti, inda mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya daɗewa a kan muryar da ƙarar janareto ko fanka ta danne. Makirufon da ke jikin abin sawa a kunne na waya sau da yawa ya fi na jikin kwamfuta, saboda ya fi kusa da baki. A naɗi daƙiƙa 20 na gwaji, a saurara, sannan a shiga aikin.

Abin da ya fi haɗari shi ne abin da ba a yi niyyar nunawa ba. Manhajar ba ta bambanta darasi da sirri: saƙon WhatsApp da ya faɗo, sanarwar banki, lambar BVN ko NIN ta wani da ke cikin jadawalin ofis, duk za su shiga. Bidiyon da ya fita kuwa ba ya dawowa. Ga ma'aikata lamarin ya wuce jin kunya, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni nauyin tsare bayanan mutane da ke hannunsu. Don haka a kashe sanarwa, a rufe shafukan da ba su shafi darasin ba, a yi misali da sunaye da lambobi na ƙirƙira. Ana iya dusashe wuri lokacin tacewa, amma sakan ɗaya da aka manta ya isa mai kallo ya tsayar da bidiyon ya karanta.

Tacewa kuma mafi yawanta yanka ce. A Clipchamp, wadda ke zuwa da Windows 11, ko Shotcut ta kyauta, ana cire kame-kamen farko, da jiran shafi ya buɗe, da wuraren da aka yi kuskure aka maimaita. Dabara mai sauƙi ita ce, idan an yi kuskure a yi shiru na daƙiƙa uku kafin a sake faɗa, domin shirun zai fito fili a layin sauti, a gane wurin yanka nan take.

A tuna cewa da yawa daga masu kallo a waya za su kalla, da datar da suka saya. A ƙara girman rubutu kafin a fara naɗa, a kuma jawo hoton kusa a inda ake danna wani abu. Hotuna 30 a daƙiƙa sun wadatar da darasi, girman 720p ma yakan isa idan rubutun manya ne. Idan fayil ɗin ya yi nauyi, HandBrake za ta rage shi, sai dai a buɗe shi a waya a tabbatar rubutun yana karantuwa kafin a tura.