Daga Safo zuwa ɗakin na'ura: kunya da gyaran kuskure

Yaron da ya tashi a Safo, cikin gundumar Madarunfa, tarbiyyar farko da yake samu ita ce sunkuyar da kai gaban na gaba. Ba ya katse babba, ba ya ce masa ya yi kuskure. In Allah ya yi masa nasibin karatu har ya ci bakaloriya ya shiga koyon rubuta manhaja, wadda ƴan boko ke kira lojisiyel, sai ya tarar da sana'ar da ke neman ya buɗe baki.

Ƙofofin wannan ilimi sun ƙaru a Nijar. Maraɗi ta samu jami'arta a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. An kafa jami'ar Doso a 2014 domin fasahar sadarwa. Hukumar ANSI kuma ta zo a 2017. Rashin kayan aiki sananne ne, balle wuta: a watan Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, Maraɗi ta ɗanɗana kuɗarta. Amma akwai wata matsala da janareto ba ya magancewa.

Manhaja aikin gayya ce. Mutum huɗu ko biyar ke raba ta, kowa ya rubuta kasonsa, sa'an nan ɗan'uwansa ya bi layi-layi yana neman inda ya kauce. Waƙafi ɗaya da aka manta ya isa ya tsai da komi. To, ina ɗalibin da zai nuna wa malaminsa kuskure a allo? Ina budurwar da za ta gyara wa samari huɗu aikinsu? Sau da yawa an gani, an yi shiru, kuskuren ya wuce.

Nan ne nauyin malami yake. Wanda ya san aikinsa yakan fara da kansa: ya rubuta a gaban aji, na'ura ta ƙi, ya nemi ɗalibai su gano masa dalili, ya gode wa wanda ya gano. Daga ranar yara kan fahimci cewa aiki ake gyarawa, mutuncin mai shi yana nan.

Saura harshe. Darasi da Faransanci, kalmomin na'ura da Ingilishi, manomin Safo da za a yi wa manhajar farashin gero ko wake kuwa Hausa yake ji, wataƙila murya ta fi masa rubutu. Ɗalibin da bai zauna kan tabarma ya saurari kawunsa ba, zai ƙera abin da kawun ba zai taɓa ba. A nan tarbiyyar gida ta zama jari, domin wanda aka koya wa sauraron manya ya riga ya iya rabin aikin.

Abin da ya rage ga malamai shi ne su koya wa ɗan Safo lokacin sauraro da lokacin magana. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.