Yoyon Rufin Mota Mai Tozo: A Kan Wa Ruwan Yake Sauka?

'Yan uwana mata, na san da ganin kan maganar nan wasunku za su taɓe baki su ce, to mu ina ruwanmu da rufin mota, ai wannan zancen maza ne da 'yan gareji. Ku ɗan dakata tukuna. Motar da nake nufi ita ce doguwar bas ɗin nan 'yar Amurka mai tudun rufi, mai labule da kujeru masu laushi kamar na falo, wadda ake rububin shiga ranar kai amarya, kuma in za a je biki wani gari ita ake loda wa iyaye mata da akwatunan lefe. A gidanmu mai tozo muke ce mata, saboda tudun nan nata kamar na sa. To duk ranar da tozon ya fara yoyo, ba a kan makanike ruwan zai sauka ba, a kan ɗaurin ɗankwalinki zai sauka, da leshin da aka yi wata uku ana tara kuɗinsa. In kuwa da motar mahaifinki ko maigidanki yake neman na cefane, to zancen ya wuce na ɗankwali.

Da farko ki sani, ba da tozo aka haifi motar nan ba. Kamfanin Ford ko Chevrolet ko Dodge yana ƙera ta ne da shafaffen rufin ƙarfe irin na kowace bas. Sai wasu ƙananan kamfanoni, da yawansu a jihar Indiyana ta Amurka, musamman garin Elkhart da kewayensa, su saye ta su yanke rufin ƙarfen su bar ɗan gefe kawai, sannan su kifa mata wani dogon rufi na faiba, su zuba mata kafet da labule har da talabijin. A shekarun 1970 da 1980 aka yi yayinta sosai a can. Dodge ta daina ƙera tata a 2003, Ford kuma ta tsayar da Econoline mai cikakken jiki a 2014. Kin ga ke nan mafi yawan waɗanda suka shigo mana a matsayin 'yan Kwatano sun riga sun sha duniya kafin su taka ƙasarmu. Saboda haka in saurayi ya zo zance da ita yana wani karkaɗa makulli, ki ɗaga kai ki dubi silin ɗin ciki, in kin ga shatin ruwa kamar taswira, kin san inda aka kwana.

Ita faiba ba ƙarfe ba ce, ba kuma robar bokiti ba. Zaren gilashi ne wanda ya fi gashin kai siranta, a yi shi kamar tabarma, a jiƙa shi da wani ruwa mai kauri kamar zuma, in ya daskare ya koma kamar ƙashi. A samansa akwai wata fata mai santsi da sheƙi da ke kare shi daga rana da ruwa. Da ita aka yi jikin motar Corvette tun 1953, da ita ake yin ƙananan jiragen ruwa. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi. To in haka ne, ta ina ruwa yake shiga?

Wannan tambayar a garejin kawuna na sami amsarta. Ƙanin mahaifiyata ne, aikin faiba ya iya tun yana saurayi, kuma lokacin ina sakandare duk hutu ni ke kai masa abincin rana, in zauna a kan benci ina kallo har ya gaji da tambayoyina. Abin da ya fara nuna mini shi ne mahaɗa, wato layin da faiba ta zauna a kan gefen ƙarfe. A nan aka shimfiɗa gam, aka jera sukurori zagaye da motar, aka rufe su da siririn ƙarfe mai roba a tsakiya. Ƙarfe da faiba kuwa ba sa miƙewa daidai da juna in sun sha zafi. Ranar watan Afrilu ta gasa su su buɗe, dare ya yi su tsuke, ga ramukan hanya suna jijjiga su kullum. A kwana a tashi gam ɗin ya bushe ya tsattsage, sukurori su saki. Sauran wuraren da ake zargi su ne ƙananan tagogin da ke jikin tozon, da jar fitilar birki ta sama, da duk inda aka huda don ɗaura eriya ko kariya.

Ruwa kuma maƙaryaci ne. Inda kika ga yana ɗiga ba nan ya shigo ba, yana iya shiga ta gaba ya bi ta cikin silin ya fito ta baya. Shi ya sa kawu ba ya taɓa komai sai ya cire silin, ya sa mutum ɗaya a ciki da tocila, shi kuma ya riƙe tiyo a waje. Daga ƙasa yake farawa, a kan mahaɗa, ya tsaya mintoci a wuri guda kafin ya matsa sama zuwa tagogi. In aka fara daga ƙololuwa ruwa zai jiƙa ko'ina, ba a san mai laifi ba. Sau da yawa ni ce ta cikin, da alli a hannuna ina yin shaida duk inda ɗigo ya fara ɓullowa.

Abin tsoron yana ƙarƙashin gam ɗin. Gefen ƙarfen da aka yanka shi ke riƙe da sukurorin, kuma shi ruwa yake kwanciya a kai. Tsatsa ta ci shi a ɓoye, ramin sukuru ya yi faɗi, har a wayi gari rabin sukurorin suna juyawa a banza ba abin da suka kama. Ki yi tunanin rufi mai tsawon ɗaki yana tare iska a babbar hanya, ga yara cike a ƙasansa. Bayan wannan ga kafet da soson kujeru da suke shan ruwa su yi funfuna, warin da ba turaren wutar da zai kore shi, mai asma kuwa ba ta iya zama a ciki.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Da yawan masu gyara in an kai musu yoyo sai su matso silikon irin na bayan gida su lafta a kan tsohon gam, wasu ma kwalta suke narkawa. Ran nan ba yoyo, a biya su a tafi ana sa albarka. Amma irin silikon ɗin nan mai warin tsami, tsamin da yake fitarwa yana cin ƙarfe, fenti ba ya zama a kansa, kuma in ya ɗaye ba wani gam da zai sake kama wurin sai an kankare shi tas. Masu cusa poti a tsagar faiba su ma haka, poti ba ya da zare a cikinsa, damina ɗaya ya sake tsagewa a daidai inda yake. A ganina gyaran da aka gama cikin awa ɗaya ba gyara ba ne, ɗage ranar kuka ne kawai.

Gyaran mahaɗa na gaskiya yana cin kwanaki. A zare robar, a kwance sukurori, a cire siririn ƙarfen, a kankare tsohon gam har a ga fuskar ƙarfe da ta faiba. Inda aka ga tsatsa a goge da burushin waya, a shafa maganin kashe tsatsa, a bi da jan fentin nan na shimfiɗa. Inda ƙarfe ya cinye gaba ɗaya kuwa sai mai walda ya sa sabo, amma sai an nisanta faiba da silin daga wutar, domin faiba tana ci da wuta. Daga nan a shimfiɗa wani baƙin gam mai kamar cingam da ake sayarwa a naɗe, butil sunansa, wanda ba ya bushewa ya yi tauri. A ɗaura sababbin sukurori marasa tsatsa, kowane a ɗiga masa gam a raminsa, a ɗaure su daidai wa daida, don in an matse da ƙarfin tsiya faibar ce za ta tsage. A ƙarshe a zagaye bakin da gam irin na jikin mota, kamar Sikaflex 221, wanda yake lanƙwasa tare da motar kuma yana karɓar fenti. Shi da danshin iska yake daskarewa, saboda haka a lokacin rani sai an ƙara masa haƙuri.

Tsaga a jikin tozon kuma aikinta daban, kuma shi ne wanda na fi son kallo. In 'yan siraran layuka ne kamar saƙar gizo-gizo, fatar sama ce kawai ta gaji. In kuwa an danna da babban yatsa wurin ya lotsa, to ta ratsa. Kawu yakan huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan ya goge gefenta da sanfefa mai kaushi ya yi mata gangare. Ƙa'idar ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin faibar sau 12, wato in kaurin milimita 3 ne, a goge milimita 36 ta kowane gefe, kusan faɗin yatsu biyu. Ya share ƙurar da asiton, ya yanka tabarmar gilashi falle uku ko huɗu, kowane ya ɗan fi na bayansa girma. Ya shafa ruwan faiba, ya ɗora babban fallen, ya daddanna da bakin burushi har farin ya ɓace ya koma garau, sannan na biye da shi. Duk inda fari ya rage iska ce ta maƙale, kuma nan ne zai fara lalacewa. In hannu yana kai wa ta ciki, ya ƙara falle biyu ta can.

Haɗin ruwan shi ne sirrin sana'ar. Ana ɗiga masa wani ruwa da suke kira hadina, mililita 10 zuwa 20 a kowace lita, kuma da sirinji ake aunawa ba da ido ba. A zafi irin namu 10 ɗin ya isa, a inuwa, da sanyin safiya, kuma a dama kaɗan-kaɗan, domin cikin kamar rubu'in awa ya fara kamawa. In aka cika hadina, gwangwanin da kansa zai ɗau zafi har ya yi hayaƙi.

Ku da kuke kai abinci gareji ko ake yin aikin a ƙofar gidanku, ku riƙe wannan da kyau. Hadina fari ne garau kamar ruwan sha, amma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. In tsautsayi ya faru a yi ta kwarara ruwa a idon har minti 15, a wuce asibiti ba tare da jiran komai ba. Kada a taɓa zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo inda yara suke. Akwai kuma wani ruwa mai ruwan shuni da wasu ke ƙara wa haɗin don ya yi saurin kamawa, in ya haɗu da hadina kai tsaye wuta yake tashi, dole sai an fara dama shi cikin ruwan faiba. Warin aikin yana sa jiri, mai ciki ta nisance shi. Ƙurar gugar kuma ƙaiƙayi gare ta kamar ƙaiƙayin gero, in za ki wanke kayan aikin maigida ki ware su daban, kada su haɗu da na yara.

Bayan faci ya bushe sai a goge shi ya yi daidai da sauran jiki, a yi shimfiɗa, a fesa fenti. Fari ya fi, don baƙin tozo tanda ne a watan azahar ɗin bazara. Lokacin da ya fi dacewa da aikin gaba ɗaya shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, rufi ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta sauko ta ɓata fenti ba. In yoyon ya kama ku a tsakiyar Agusta, a lulluɓe ta da tamfol a jira, faiba ba ta kama jiƙaƙƙen wuri.

Kafin a biya cikon kuɗi, a sake gwajin tiyo tun ba a mayar da silin ba, ke ma ki shiga ciki da tocilarki ki duba. Sannan ranar biki in kin ga samari suna shirin ɗora buhunan gara da katifa a kan tozon, ki hana su. An yi shi ne don tare rana da ruwa, ba don dako ba, kaya su shiga ta ƙofar baya ko a nemo akori-kura.