2.2 Ma'anar Wasu Muhimman Kalmomi a Shari'ar Laifi

Kafin a shiga nazarin Hausar kotu, ya kamata a fayyace wasu kalmomi waɗanda jama'a kan cuɗanya su a maganar yau da kullum, alhali kuwa a gaban alƙali kowace da matsayinta.

2.2.1 Laifi

A al'adar Bahaushe, duk abin da jama'a suka ƙyamata ana iya kiran sa laifi. Amma a shari'ance, laifi shi ne aikata abin da rubutacciyar doka ta hana, ko barin abin da ta wajabta, tare da tanadin hukunci a kansa. Sashe na 36(12) na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a hukunta mutum a kan abin da babu shi a rubutacciyar doka. A Arewa, ginshiƙin irin wannan doka shi ne Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Daga shekarar 2000, wasu jihohi, Zamfara a kan gaba, sun ƙara da dokokin laifi na shari'ar Musulunci.

Galibi laifi ba ya tabbata sai abu biyu sun haɗu, wato aiki da niyya. Misali, wanda ya ɗauki keken wani a bakin kasuwa bisa zaton nasa ne, bai yi sata ba, domin babu mugun nufi. Haka kuma Final Kod ba ta ɗora laifi a kan yaron da bai kai shekara 7 ba.

2.2.2 Zargi, Tuhuma da Hukunci

Waɗannan matakai uku ne daban-daban. "Wanda ake zargi" shi ne wanda 'yan sanda ke bincike a kansa. Idan an kama shi, wajibi ne a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, sai dai in laifin mai hukuncin kisa ne. Da zarar an karanta masa laifinsa a kotu, ya zama "wanda ake tuhuma". Ba ya zama "mai laifi" sai alƙali ya yanke hukunci, domin sashe na 36(5) ya ɗauke shi a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai gabatar da ƙara, kuma in kokwanto mai ƙarfi ya rage, sai a sallami wanda ake tuhuma.

2.2.3 Beli

Beli shi ne sakin mutum na wucin gadi bisa sharaɗin zai dawo ranar da aka sa, yawanci tare da wanda zai tsaya masa. Saboda haka beli ba wankewa ba ne, kamar yadda wasu ke zato.

2.2.4 Amsa Laifi

A nan ne aikin tafinta ya fi hatsari. Idan ya tambayi Bahaushe, "Ka ɗauki keken?" sai ya ce "E", aka rubuta ya amsa laifi, to an zalunce shi, domin aikin kawai ya amsa, bai amsa niyyar ba. Ke nan kuskuren kalma guda yana iya kai mutum gidan yari. Wannan ne ya sa tsarin mulki ya ba wanda ba ya jin harshen kotu damar samun tafinta kyauta.