Jiragen Ruwan da Suka Nutse a Tekun Gabon

A shekarar 1985, ma'aikatan kamfanin mai na Elf suna binciken ƙasan teku kusa da Cap Lopez, kudu da Libreville, sai suka ci karo da tarkacen wani tsohon jirgi. Sunansa Mauritius, na 'yan kasuwar Holan. Ya nutse a 1609 yana dawowa daga Asiya ɗauke da masoro da tangaran na Sin da dubban curin tutiya.

Masana daga Faransa suka tono shi a 1986, kuma ba sa ɗaga komai sai sun zana inda yake kwance, domin wurin da kaya suke shi ke nuna yadda aka yi lodin jirgin. Ɓarawon da ya kwashe tangaran ya shafe wannan shaida ke nan. Ga shi kuma katakon da ya daɗe cikin ruwan gishiri, da ya sha iska sai ya tsattsage.

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Gabon ta shiga a 2010, ta hana cinikin irin waɗannan kaya, ta fi son a bar su inda suke. Amma abin da ya shekara 100 a ruwa kaɗai ta shafa. Poncelet, jirgin yaƙin Faransa mai tafiya ƙarƙashin ruwa, wanda ya nutse a gaɓar Gabon a 1940, sai 2040 zai cika wannan sharaɗi.